George Boole: ɗan baduku da ya bar wa kwamfuta gadon i da a'a

An haifi George Boole a garin Lincoln na Ingila ranar 2 ga Nuwamba, 1815. Da sana'ar mahaifinsa ta ɗinkin takalma ta durƙushe, sai ya kama koyarwa yana ɗan shekara 16 don ya riƙe gida. Bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, amma a 1849 aka naɗa shi farfesan lissafi na farko a Kwalejin Sarauniya da ke Cork a Ailan. Littafinsa na 1854 ya nuna yadda ake auna gaskiya da ƙarya da ƙa'idojin lissafi.

A ƙarshen 1864 ruwan sama ya yi masa duka a hanyar aji, ya koyar da jiƙaƙƙun tufafi. Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 8 ga Disamba, yana da shekara 49.

A kan tsarinsa aka gina kwamfuta. Sai dai i ko a'a ba ta faɗin tambayar da ta amsa. Shi ya sa masu rubuta manhaja da harshen Haskell kan raɗa wa kowane zaɓi sunansa, kamar Buɗaɗɗe da Rufaffe, domin kuskure ya fito fili tun manhaja ba ta fara aiki ba.