Alois Alzheimer: Likitan da cutar mantuwa ta ci sunansa

A ranar 26 ga Nuwamban 1901, wani likita ya zauna gaban wata mata mai shekara 51 a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt da ke Jamus. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa daidai. Da ya tambayi sunan mijinta, sai ta sake faɗin nata. Ya ba ta takarda ta rubuta sunanta, ta fara, amma kafin ta ƙarasa ta manta abin da aka ce ta yi.

Sunan matar Auguste Deter, likitan kuwa shi ne Alois Alzheimer. Daga wannan zama ne aka fara fahimtar cutar da a yau ta fi kowace jawo abin da ake kira gigin tsufa.

Tasowarsa

An haifi Alzheimer ranar 14 ga Yunin 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari a yankin Bavaria. Mahaifinsa ma'aikacin shari'a ne mai tabbatar da takardun yarjejeniya. Ya yi karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg, kuma binciken da ya kammala karatu da shi a 1887 bai shafi ƙwaƙwalwa ba ko kaɗan: a kan sassan jikin da ke samar da dattin kunne ya yi shi.

A ƙarshen 1888 ya kama aiki a asibitin Frankfurt ƙarƙashin Emil Sioli, shugaban da ke adawa da ɗaure marasa lafiya. Maimakon ɗauri, sukan sanya majinyaci cikin ruwan ɗumi na tsawon lokaci domin ya natsu, su kuma zauna su saurare shi.

A can ya haɗu da Franz Nissl, wanda ya ƙware wajen rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwa domin su fito sarai a madubin likita mai ƙara girman abu. Da rana su duba marasa lafiya, da dare su duƙufa kan madubi. Abin da suke son tabbatarwa shi ne cututtukan hankali suna da tushe a jikin ƙwaƙwalwa wanda ido zai iya gani.

A 1894 ya auri Cecilie Geisenheimer, wata mai dukiya da mijinta ya rasu, suka haifi 'ya'ya uku. Ta rasu a farkon 1901, watanni kaɗan kafin a kawo Auguste. Alzheimer bai sake aure ba, kuma dukiyar da ta bari ce ta ba shi damar yin shekaru yana bincike ba tare da dogaro da albashi ba.

Matar da ta rasa kanta

Mijin Auguste, Karl, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Abin ya fara mata da kishi marar dalili, tana zargin sa da neman wata maƙwabciya. Daga nan ta fara kasa girki, tana ɓoye kaya, tana ɓata a cikin gidanta, tana kwana tana ihu. Da abin ya fi ƙarfin mijin, ya kai ta asibiti.

Alzheimer ya riƙa rubuta tambayoyinsa da amsoshinta dalla-dalla. A ɗaya daga cikin zaman nasu, bayan ta kasa rubutu, ta shaida masa cewa ji take kamar ta rasa kanta. Likitoci sun saba ganin irin wannan ruɗewa a wajen tsofaffi tukuf, suna ɗaukar ta a matsayin abin da shekaru ke zuwa da shi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne shekarun Auguste ba su kai nan ba.

Ya bar Frankfurt ya bi shahararren likitan nan Emil Kraepelin, inda a 1903 ya koma Munich ya jagoranci ɗakin binciken ƙwaƙwalwa. Duk da haka bai daina bibiyar halin da take ciki ba. Auguste ta rasu ranar 8 ga Afrilun 1906 tana da shekara 55, bayan ta daɗe a kwance ba ta iya magana, gyambon kwanciya ya ci jikinta. Aka aika masa ƙwaƙwalwarta da takardunta.

Abin da madubi ya nuna

Ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse. Da ya yanka ta siri-siri ya rina da wani sinadari na azurfa, sai ya ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ƙwayoyi masu yawa sun riga sun mutu. Har gobe waɗannan alamu biyu ne ake tantance cutar da su.

Ranar 3 ga Nuwamban 1906 ya gabatar da sakamakon a taron likitocin ƙwaƙwalwa a Tübingen. Da ya gama, babu wanda ya yi tambaya ko ɗaya. A 1907 ya wallafa shi a wata gajeriyar maƙala.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Gaetano Perusini ɗan Italiya ya binciki ƙarin marasa lafiya tare da shi. Solomon Carter Fuller, baƙar fata haifaffen Monrovia ta ƙasar Laberiya, ya yi aiki a ɗakin bincikensa, kuma a 1912 ya wallafa cikakken nazari kan cutar da Turanci a Amurka. A birnin Prague ma, Oskar Fischer ya bayyana irin waɗannan dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar tsofaffi a 1907.

Kraepelin ne ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer a bugu na takwas na littafinsa na koyar da likitoci a 1910.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1912 aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Breslau, birnin da yanzu ake kira Wroclaw a ƙasar Poland. Rashin lafiya ta kama shi a jirgin ƙasa a kan hanyar zuwa, ta taɓa masa zuciya, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1915 yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste a ranar da ya fara ganin ta. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Ya bar duniya ana kallon abin da ya gano a matsayin wata baƙuwar cuta da ba kasafai ake samu ba, mai kama waɗanda ba su tsufa sosai ba. Sai a shekarun 1970 masana suka amince cewa ita ce dai ke addabar galibin tsofaffi masu ruɗewa. A shekarun 1980 aka gano sinadaran furotin da ke haddasa alamun biyu, wato amyloid da tau. A 1995 kuma aka tsinci fayil ɗin Auguste a ma'ajiyar asibitin Frankfurt, ɗauke da rubutun hannunta da ta kasa ƙarasawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne. Akasarinsu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, sai dai masu sassautawa ko rage mata gudu.

Duk da haka, aikinsa ya sauya yadda ake kallon mai wannan larura. Tsohuwar da ta manta sunan ɗanta, ko tsohon da ke zargin iyalinsa da yi masa sata, ba rigima ce ta sa su ba, ba kuma kowane mai shekaru ne ke shiga wannan hali ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu ne ke mutuwa, kuma abin da suke buƙata shi ne likita da haƙurin 'yan uwa. Ana tunatar da duniya hakan a ranar 21 ga Satumban kowace shekara, wadda aka ware domin cutar da ke ɗauke da sunansa.