Likita Mila: Baturen da ya koyi Hausa wajen fatake, ya juya Littafi Mai Tsarki da ita

Duk mutumin Tebaram ko Tawa da ya taɓa kai majinyaci asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, ba zai rasa jin ma'aikatan mishan suna karanta littafinsu da Hausa ba. A filinmu na tarihi na yau mun ɗauko labarin mutumin da ya fi kowa wahala wajen fara juya wannan littafi gaba ɗayansa zuwa harshenmu, wato Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan, amma hankalinsa na kan wa'azin bishara a ƙasar Hausa. Ƙungiyar mishan ta CMS ta tura shi Tarabulus don ya koyi harshe. Kada ku yi mamakin wurin, domin a zamanin nan ayarin fatake na tasowa daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas ya keta hamada har bakin teku, shi ya sa Hausawa suka yi yawa a garin. A nan ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid da ke kan hanyar Makka, wanda daga baya ya zama na hannun damansa.

A 1900 ya biyo Bishop Tugwell su biyar suka nufi Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ƴan kwanaki ya ba su su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗayansu ya mutu a can. Wani da ya haƙura ya koma gida, amma Mila mutum ne mai naci. A 1905, bayan Turawa sun ci ƙasar, ya samu wuri cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Me yake wa'azi a kai? Koyarwar Kirista ita ce ɗan Adam ya faɗa cikin zunubi, kuma aikinsa na kirki, komai yawansa, ba zai iya fid da shi ba. Sun yi imani cewa Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye a madadin mutane, ya tashi a rana ta uku, wanda duk ya tuba ya ba da gaskiya gare shi ya sami ceto kyauta, ta alherin Allah. Musulunci bai yarda da gicciye Annabi Isa ba, kuma a nan ne malaman Zariya suka rabu da Likita, duk da suna zuwa karɓar magani suna muhawara da shi. Abin da ya ja hankalinmu shi ne kalmomin da aka zuba wannan koyarwa a cikinsu: ceto, tuba, alheri, bishara, da fansa. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin nauyin ta ƙarshen. A lokacin, mutane da yawa sun ga bawa da ido, sun san yadda ɗan'uwa ke tara wuri ya biya ubangiji don a saki nasa. Mai wa'azi ya ce an fanshi mutum daga zunubi, ba sai ya yi dogon bayani ba.

Shekaru suka wuce, waɗanda suka bi shi cikin birni ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu baƙi suka zo masa, jikokin almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a kasuwar Kano a ƙarni na 19 saboda yadda ya ɗaukaka matsayin Annabi Isa a wa'azinsa. Ana kiransu Isawa, sun watsu cikin ƙauyuka har wajen Ningi. Mila ya ga kamar farkawar da ya daɗe yana roƙo ce ta zo. Aka kafa musu gari a Gimi, da gonaki da makaranta. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya auka wa garin, ya kashe mutane da dama, sauran suka tashi.

Ba mu ce mutumin ba shi da aibu ba. Yana da taurin kai da kaifin harshe, ya yi rigima da jami'an mulkin mallaka da ke ganin zai tayar musu da ƙura, ya kuma yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka tuɓe a 1920 aka kai shi Lakwaja. Zazzagawa da yawa ba su yafe masa wannan ba. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, ba da son ransa ba.

Duk cikin wannan hayaniya bai ajiye alƙalami ba. Tare da mataimakansa Hausawa da wasu ƴan mishan, ya yi ta aikin fassara har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da boko a 1932. Mishan ɗin SIM da ya shigo Damagaram a 1924, ya zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, da wannan fassara ya yi ta aiki har aka fito da sabuwa wajen 1980. Kabilun Filato da na kudancin Zariya, waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne, su suka fi rungumar littafin, ba mutanen biranen da ya zo dominsu ba.

Makarantarsa kuwa ta fitar da Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Najeriya, kuma cikin shugabannin farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, daga zuriyar Isawan nan ya fito. A Wusasa ɗin ma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mila ya bar CMS a 1935, amma ya kasa zama Ingila, ya dawo Najeriya yana koyarwa yana rubuce-rubuce. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952 yana da shekara 80, aka kai gawarsa Wusasa aka binne.