Mamman Shata Katsina: Daga Faifan Garmaho Zuwa Waƙar Haya

A ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni 1999, Allah Ya yi wa Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai gawarsa Daura aka yi mata sutura a garin ubangidansa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Yau fiye da shekara 25 ke nan, amma har gobe muryarsa ba ta bar tashoshin mota da rumfunan kasuwa da majalisun dattawa ba. Abin da ya sauya shi ne mazubin da ake ajiye muryar. Wannan sauyi kuwa, mai karatu, ya isa a tsaya a dube shi da idon basira, domin rayuwar Shata kanta tarihi ce ta yadda Bahaushe ya riƙa adana waƙa.

An haifi Shata a garin Musawa cikin 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, hasali ma mahaifinsa bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, saboda a wancan zamani ana ɗaukar ta roƙo ce, roƙo kuwa sai wanda ya gada. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsararrakinsa, ya yi tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. A dandalin samari da 'yan mata ya fara waƙa, ba don kuɗi ba, sai don nishaɗi da burge tsara. A waɗannan shekaru waƙa ba ta da wani rumbu in ban da kunnen mai sauraro da ƙwaƙwalwarsa. Wanda bai halarci dandali ba, sai dai ya ji labari. Shi ya sa galibin waƙoƙin ƙuruciyar Shata sun tafi da iskar daren da aka rera su.

Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna ƙarƙashin kulawar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aiki a can. Daga nan ya riƙa zaga garuruwa da makaɗansa na kalangu da 'yan amshi. A 1952 tauraronsa ya haska a birnin Kano, wajen shagalin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarauta. Tun daga lokacin sunansa ya game ƙasar Hausa. Ya zauna a Funtuwa, ya zauna a Kano, daga bisani ya sake komawa Funtuwa, garin da ya zama gidansa har ƙarshen rayuwarsa.

Tashen Shata ya zo daidai da shigowar na'urorin ɗaukar murya. Da farko faifan garmaho ne, wanda ba kowa ke iya mallaka ba sai attajirai da ma'aikata, kuma faifan ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci a kowane gefe. Mawaƙin da ya saba kwana yana zuba waƙa dole ya taƙaita. Kamfanoni irin su EMI sun ɗauki waƙoƙinsa sun sayar. Sai kuma gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har zuwa Maraɗi da Damagaram da zangunan Hausawa na ƙasar Gana.

Amma babban juyin shi ne zuwan kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma bazu a ƙasar nan cikin shekarun 1970. Kaset ya mayar da waƙa dukiyar talaka. Manomi a Babban Duhu ko Batsari, in ya sayar da amfanin gona, yana iya sayen rikoda da batir da kaset ɗin Shata, ya rataya a kafaɗa ya nufi gona. In zaren ya tsinke ya liƙa, in ya warware ya sa biro ya naɗe. Yana iya ba maƙwabci aro, ya yi kyauta da shi, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyar da ake rarraba kaset zuwa lunguna. Haƙiƙa an tafka satar fasaha a wannan zamani, domin mafi yawan kaset-kaset ɗin kwafe su aka yi ba tare da mai waƙar ya sami ko sisin kwabo ba. Sai dai wannan yawan kwafi shi ne ya hana waƙoƙin ɓacewa, tunda abin da ke hannun mutum dubu ba ya salwanta a dare ɗaya.

Shata bai tsaya ga yabon sarakuna da attajirai ba. Ya yi wa direbobi da manoma da mata da sojoji waƙa, ya yi waƙoƙin wayar da kai a kan noma da lafiya da haɗin kan ƙasa lokacin yaƙin basasa, har saukar kumbon Amurka a kan wata cikin 1969 bai bari ta wuce ba. Ya taɓa siyasa, ya yi kansila a Kankiya cikin shekarun 1970, ya shiga jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu, sannan ya shugabanci SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dokta a 1988. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka, a 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

Akwai wata siffa ta fasahar Shata wadda ita ce ƙashin bayan wannan sharhi. Shata ba ya zama ya rubuta waƙa, nan take yake ƙirƙira a gaban jama'a. Saboda haka waƙa guda, alal misali Bakandamiya, tana da rerawa iri-iri, kowace da ɗiyan da babu su a wata, gwargwadon wuri da lokaci da mutanen da ke zaune. Ga mai nazarin harshe, kowace rerawa shaida ce mai zaman kanta: karin harshen Katsinanci, kalmomin fatauci da na sarauta da suka fara gushewa, sunayen garuruwa da na mutanen da babu su a kowane littafin tarihi. Shi kansa marigayin bai san adadin waƙoƙinsa ba.

To, yau ina aka kwana? Kaset ya ba faifan sidi wuri, sidi ya ba memori wuri, yanzu kuma matasa sun koma sauraro ta intanet a YouTube da Audiomack da Boomplay, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2015, da Spotify, wanda ya shigo a 2021. Babu mai musun alfanun wannan. Ɗalibi a Alƙahira ko direba a Legas yana iya jin Shata cikin daƙiƙa guda, ba tare da tsoron zafin rana ya narkar da kaset ko ƙura ta cinye shi ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mai sauraro ta intanet ɗan haya ne, ba mai gida ba. In data ta ƙare, waƙa ta ƙare. In wanda ya ɗora waƙar ya rufe shafinsa, ko kamfani ya cire ta saboda rikicin haƙƙin mallaka, babu wanda zai nemi shawararka. Bugu da ƙari, da yawa daga abin da aka ɗora babu shekara, babu wurin da aka rera, babu sunayen makaɗa, wani lokaci ma an datse farko ko ƙarshe.

Mutanen yammacin Katsina sun ga zahirin wannan magana. A watan Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, saboda matsalar 'yan bindiga, sai a watan Disamba aka fara maido da su. Ba shakka rashin waƙa shi ne mafi ƙanƙantar damuwar bayin Allah da ke zaune a bakin dajin Rugu. Amma darasin a fili yake: a watannin nan, wanda ke da waƙa a kaset ko memori shi ne mai ita, wanda ya dogara da sabis kuwa ya tashi a tutar babu. Kuma duk ƙauyen da aka ƙona ko aka tasa, akwatunan tsofaffin kaset na cikin abin da ke salwanta, wataƙila har da rerawar da babu kwafinta a ko'ina cikin duniya.

Saboda haka kira nake ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma, su haɗa hannu da gidajen rediyo da iyalan marigayin, a bi gida-gida a tattaro faya-fayai da kaset-kaset, a juye su cikin kwamfuta da cikakken bayani, a kuma adana na asalin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikin mawaƙi har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka magadansa na da haƙƙi a kan abin da ake samu ta intanet, ya kamata a taimaka musu su karɓa. Kai kuma mai karatu, in akwai kaset ɗin Shata a ƙasan gadon mahaifinka, kada ka bari yara su mayar da zarensa abin wasa. A saurara ta intanet, amma a riƙe na hannu, domin Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Allah Ya jiƙan Mamman Shata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.