Tarihin Marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina

Duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ya san Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kuma wasu daga cikin malamanmu ma can suka yi karatu. Amma da muka tambayi juna a ƙungiyarmu ko wane ne mai wannan suna, sai kowa ya yi shiru. Kunya ta kama mu, shi ya sa muka nemo tarihinsa.

An haifi Alhaji Isa Kaita a shekarar 1912. Mahaifinsa shi ne Wazirin Katsina Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ko da yake ɗan babban gida ne, bai fara aiki daga sama ba. Da alli ya fara, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941, ya tafi birnin Accra na ƙasar Ghana ta yanzu, inda ya yi aikin gidan rediyo yana karanta labaran yaƙi da Hausa. Wannan ya faranta mana rai, domin ashe shi ma ɗan jarida ne kamar yadda muke fatan zama.

Da ya dawo gida a 1944, sai ya zama magatakardan Sarkin Katsina Usman Nagogo. A nan ya koyi aikin ofis da yadda ake tafiyar da jama'a. A 1948, yana da shekara 36, ya sake komawa aji. Ya je garin Exeter a Ingila ya karanto sha'anin mulki.

Ya shiga Majalisar Jihar Arewa a 1951, a jam'iyyar NPC. A 1954 aka naɗa shi Ministan Ayyuka, daga baya na Albarkatun Ƙasa. Daga 1957 zuwa 1966 ya riƙe Ma'aikatar Ilimi. A zamaninsa ne aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. A mulkin Shehu Shagari kuma, shi aka ba shugabancin hukumar da ke kula da ɗa'ar ma'aikata. Ya riƙe sarautar Madawaki, sannan Wazirin Katsina. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 1994.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wannan: daga haihuwarsa zuwa ranar da ya zama minista, shekara 42 ce. Mu kuwa a ajinmu, kowa ka tambaya sai ya ce gwamna zai zama, amma ko sharar aji aka raba sai mun yi gardama. Wasunmu ma na cewa karatu ba ya ba da aiki, sai kana da hanya. To ga wanda yake da gata, amma bai yar da littafi ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Muna roƙon malamanmu su kai mu ziyara kwalejin a wannan zango. Allah ya jiƙan Waziri, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.