Ibn Taimiyya: Zikiri a Tsakiyar Fitina

An haifi Shaikhul Islam Ahmad bin Taimiyya a Harran shekara ta 661 bayan Hijira. Yana yaro iyayensa suka gudu da shi Dimashƙa saboda mamayar Tatar. Almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya ruwaito mana cewa bayan sallar Asuba yakan zauna yana zikiri har rana ta kusa kaiwa tsaka, yana ɗaukar hakan kalacinsa. Mu kuwa, jita-jita guda kan raba mu da azkar ɗin safiya.

Da aka tsare shi a kurkukun Dimashƙa, aka ƙwace masa alƙalami da takardu, sai ya duƙufa ga tilawa da tahajjudi, har ya sauke Alƙur'ani kimanin sau 80. A can ya rasu shekara ta 728. Allah Ya jiƙansa.