Florence Price: Gwanar Piyano da Aka Tsinto Takardunta a Kango

A jihar Tawa, daga Madawa har Buza da Keita, makaɗi ba ya ajiye kiɗansa a takarda. A kansa yake, kuma ɗansa ko yaron gidansa ne ke gadonsa. Turawa kuwa sun daɗe da samun hanyar rubuta kiɗa: layuka biyar-biyar a shimfiɗe, da ɗige-ɗige a bisansu, kowane ɗigo da muryarsa da tsawonsa. Wanda ya iya wannan karatu, sai ya zauna gaban piyano ya fito da kiɗan yadda mai shi ya nufa, ko da mai shin ya daɗe a kabari. Amma takarda ma tana da magabta: ruwan sama, da gara, da mantuwar mutane. Saura ƙiris su cinye aikin Florence Price.

An haifi wannan baiwar Allah ranar 9 ga watan Afrilu na shekarar 1887 a garin Little Rock, cikin jihar Arkansas ta kudancin Amurka. Mahaifinta, James Smith, likitan haƙori ne. Mahaifiyarta malamar kiɗa, ita ta fara ɗora mata yatsu bisa piyano. Tana da shekara 4 ta yi kiɗa gaban jama'a, tana da 11 aka buga kiɗanta na farko. Da lokacin babban karatu ya zo, aka tura ta makarantar kiɗa ta New England da ke Boston. Saboda tsoron wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata, aka rubuta ta a matsayin mutuniyar Meziko. Ta fito a 1906 da takardun shaida 2, ɗaya ta kaɗa ogan, irin na coci, ɗaya ta koyar da piyano.

Ta shugabanci sashen kiɗa na jami'ar Clark a Atlanta daga 1910. A 1912 ta auri wani lauya, Thomas Price, ta koma garinsu. A can ƙungiyar malaman kiɗa ta jihar ta ƙi karɓar ta, ba don kasawa ba, don launin fatarta. A 1927 wasu gungun Turawa suka kashe wani baƙar fata mai suna John Carter ba tare da shari'a ba, suka ja gawarsa cikin gari. A shekarar nan iyalin suka yi ƙaura zuwa Shikago.

Shikago ba ta tarbe ta da sauƙi ba. Aure ya mutu a 1931, aka bar ta da ƴaƴa mata 2 a tsakiyar matsin tattalin arziki. Ta riƙa kaɗa ogan a gidajen silima, ta tsara waƙoƙin talla na rediyo da wani suna na aro, ta rubuta ƙananan kaɗe-kaɗen piyano don yara masu koyo, domin su ne ke da kasuwa. Cikin wannan hali ne ta kammala simfoninta ta farko, watau dogon kiɗa mai sassa 4 wanda makaɗa masu yawa ke haɗuwa su yi. A 1932 wannan aiki ya ci lambar farko a gasar Wanamaker, da dala 500. Ranar 15 ga watan Yuni na 1933 babbar ƙungiyar makaɗa ta Shikago, ƙarƙashin Frederick Stock, ta kaɗa shi. Wannan ne karo na farko da ɗaya daga manyan ƙungiyoyin makaɗan Amurka ta kaɗa simfonin wata mace baƙar fata. A sashe na 3 ta sa rawar Juba, wadda bayi ƴan asalin Afirka ke yi da tafi da buga ƙafa, tun da iyayengijinsu sun hana su ganga. Ita kuwa ta mayar da gangar cikin kiɗan, gaban manyan gari.

Ranar 9 ga Afrilu na 1939, shahararriyar mawaƙiya Marian Anderson ta yi waƙa a Washinton gaban mutum 75,000, ta rufe taron da wata waƙar ibada da Florence ta tsara. Duk da haka ƙofofi ba su buɗu ba. A 1943 ta rubuta wa Serge Koussevitzky, shugaban makaɗan Boston, ta bayyana masa cewa kasancewarta mace kuma baƙar fata shi ke tare mata hanya, ta roƙi a auna aikin kawai. Bai taɓa kaɗa ko ɗaya daga ayyukanta ba. Ta rasu a Shikago ranar 3 ga Yuni na 1953, tana da shekara 66, ta bar ayyuka fiye da 300, mafi yawansu da rubutun hannu.

Daga nan sai shiru, in ban da ƴan masu bincike irin su Rae Linda Brown da suka ƙi barin sunanta ya ɓace. A 2009 wani magidanci da matarsa suka shiga gyaran wani kangon gida da suka saya kusa da ƙauyen St. Anne, kudu da Shikago. Itace ya faɗa wa rufin, ruwa yana shiga. A wani ɗaki da ruwan bai kai ba suka tarar da tulin takardun kiɗa, da suna guda yana ta maimaituwa a kansu. Ashe gidan hutunta ne. Da sun ɗauke su shara, da shi ke nan. Cikinsu har da simfoni ta 4, da manyan kaɗe-kaɗe 2 na gogen Turawa, da na piyano masu yawa waɗanda ba a taɓa bugawa ba.

Ɗakin karatu na jami'ar Arkansas ya karɓi takardun ya adana su. A 2018 kamfanin G. Schirmer ya samu haƙƙin bugawa, aka shiga juya rubutun hannun zuwa bugu mai kyau wanda ɗalibi zai iya ɗorawa bisa piyano. Wata gwana ƴar Ingila, Samantha Ege, ta gano shafukan da suka rabu da ƴan'uwansu na kiɗan Fantasie nègre na 3, ta haɗa su, ta naɗi duka 4 ɗin a faifai a 2021. A 2022 makaɗan Filadelfiya suka ci lambar Grammy da simfoninta ta 1 da ta 3. Ta 2 kuwa har yanzu ba a samu cikakkiyarta ba.