Mathieu Orfila, Likitan Da Ya Tona Asirin Masu Sa Guba

An haifi Mathieu Orfila a tsibirin Minorka na ƙasar Sifen a shekarar 1787, amma a birnin Faris ya ƙare karatun likita, a nan kuma ya shahara. A zamaninsa masu kisa da gubar asenik sukan kuɓuta daga hukunci. Samunta ba wuya, domin har a koren rini da fenti akwai ta, alamunta kuwa sun yi kama da na ciwon amai da gudawa.

A 1814 ya wallafa babban littafinsa a kan guba. Daga baya ya tabbatar da cewa guba ba ta tsayawa a tumbi kaɗai, takan ratsa hanta da sauran sassan jiki, inda za a iya gano ta bayan mutuwa.

A 1840 aka gurfanar da Marie Lafarge bisa zargin kashe mijinta. Da binciken masana ya saɓa wa juna, sai kotu ta kira Orfila, ya gano asenik a gawar. Aka yanke wa matar ɗaurin rai da rai.

Ya rasu a Faris a 1853, bayan ya sama wa ɗakin bincike matsayin shaida a gaban alƙali.